Injin Da Ba Ya Shan Ruwa

A layin masu gyaran kwamfuta na Ngamiani, cikin garin Tanga, in ka ce kana neman Mbwana sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mbwana Mai Ruwa kuwa, ko mai sayar da rake zai nuna maka shagon. Sunan ya fito ne daga wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a layin. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan abin nan da bai wuce faɗin kwalin ashana ba, in tana aiki mai nauyi zafi take ɗauka, in ba a sanyaya ta ba sai ta rage gudu ko ta ɗauke gaba ɗaya. Kan yadda za a sanyaya ta masu gyara suka rabu gida biyu. Wasu suna ɗora mata dunƙulen ƙarfe mai siraran haƙarƙari, fanka na hura shi, shi ke nan. Wasu kuma ruwa suke ja mata ta tiyo, da ɗan famfo, da tanki, da lagireto irin na mota amma ƙarami. Mbwana shi ne limamin 'yan ruwa, kuma ba ya yin wa'azinsa a hankali. A wurinsa duk wanda ya dogara da fanka a zafin Tanga ya raina wa kansa hankali ne.

Matarsa Mwantumu ba ta shiga wannan gardama. Ita sana'arta haɗa bidiyon biki: masu ɗauka su kawo mata, ta yanka, ta jera, ta cire inda uwar ango ta yi hamma, ta sa kiɗa. Abin da take so kawai kwamfuta ta gama aiki ba tare da ta suma a tsakiyar rana ba. Mbwana ya haɗa mata wadda ta fi duk wata da ya taɓa haɗawa kyau. Gefenta gilashi ne, ana hango koren ruwa yana zagaya tiyo, ga tanki a tsaye kamar kofin shayi mai tsawo, ga fitilu. Ko numfashinta ba ka ji. Gidansu na Makorora ɗaki biyu ne da falo, don haka a falon aka ajiye ta, kusa da taga. Baƙi kan zo gaisuwa su manta da wanda suka zo gaisarwa, Mbwana kuwa ya tsaya yana bayani har shayi ya huce.

Daura da ita akwai kujerar Mzee Semkiwa, wato dattijo Semkiwa, mahaifin Mwantumu. Direba ne tun yana saurayi, ya fara da manyan motocin gonakin katani, waɗanda ke kwaso ganyen da ake igiya da shi, ya ƙare da bas tsakanin Tanga da Lushoto. Bayan rasuwar matarsa gigin tsufa ya soma shigarsa sannu a hankali, Mwantumu ta hau duwatsun Lushoto, can garinsu, ta ɗauko shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka tun tana jaririya Uwata yake ce mata. Wata rana garau yake, ya yi maka lissafin kwanoni da gangaren hanyar Mombo ba tuntuɓe. Wata rana kuma a samu wayarsa cikin gwangwanin sukari. Sau ɗaya ya kunna gas ya tafi alwala ya bar shi.

Abu ɗaya dai bai taɓa mantawa ba. Kullum da safe, bayan ya sha shayi da mandazi, wato fankensu na can, sai ya matso da fuskarsa jikin gilashin kwamfutar, ya kanne ido ɗaya.

"Mbwana, ruwanka ya yi ƙasa."

"Bai yi ƙasa ba, Baba. Da gangan na bar ɗan filin nan a sama, don in ruwan ya ɗau zafi ya samu wurin motsi. Kuma ba ruwan famfo ba ne, na musamman ne, sai daga birnin Dar ake kawo shi."

"To. Ku yaran zamani kun fi mu sani."

Washegari ya sake kanne ido, ya sake faɗa, Mbwana ya sake bayani daga farko kamar bai taɓa yi ba. A nan dole a yi wa Mbwana adalci: mutum ne mai surutu da son a yaba masa, amma bai taɓa ɗaga wa surukinsa murya ba. Da alama ma daɗin abin yake ji, don duk garin babu wanda ke sauraron bayaninsa kullum sai tsohon nan.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Kihiyo, yayan Mwantumu, da ke noma can gida a kan duwatsu. Tun maganar gas yake bugo waya.

"Ki dawo mana da shi kafin ya ƙone ku. Ga ɗaki nan a bayan gida, na sa masa sakata ta waje. In za mu gona mu rufe, in mun dawo mu buɗe. Babu gas, babu titi, babu abin da zai taɓa."

"Yaya, Baba fa ba akuya ba ne."

"Ni ma ubana ne, Mwantumu. Ba mugunta nake faɗa miki ba. Ranar da zai yi babbar ɓarna ke da kanki za ki kira ni."

Ta san ba mugunta ba ce, kuma wannan ya fi ba ta haushi. Ta san ɗakin, ta san tagarsa ba ta fi faɗin faranti ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon hanya ta babban gilashi, a can za a zaunar da shi daga safe zuwa la'asar yana kallon bango. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta yi wannan kiran ba.

Ranar da abin ya faru, bidiyon bikin wasu mutanen unguwar Chumbageni ne a hannunta, amaryar da mijinta za su tashi zuwa Maskat ƙarshen mako. Ta gama jerawa da safe, ta saki kwamfutar tana haɗa shi, aikin da ke sa ta gumi na sa'o'i. Mbwana ya tafi shago. Baba yana kujerarsa yana gyangyaɗi, rediyo a cinyarsa. Ta ce bari ta leƙa bakin titi ta sayo kifi, ta yafa gyale ta fita.

Tun daga ƙofa ta ji ƙaurin. Gilashin gefen kwamfutar yana jingine da bango, an cire shi a tsanake, an jera 'yan notinansa a kan faranti don kada su ɓata. Fitilun sun mutu. Ruwa yana ɗiga daga ƙasan akwatin zuwa tebur, daga tebur zuwa tabarma. Mahaifinta yana tsaye, butar alwalarsa a hannu ɗaya, murfin tankin a ɗayan.

"Na cika shi, Uwata," in ji shi. "Sai da ya tumbatsa ya zubo, yadda ake yi. Ban kashe injin ba, ba a zuba wa inji mai zafi ruwa a kashe, tsagewa yake. Amma ya yi tari ya tsaya. Ina jin batir ne."

Ta fizge wayar wuta daga bango. Abin da ta faɗa bayan nan, da za a ba ta dama da ta haɗiye shi. Ta ce ya kashe mata sana'a. Ta ce mutum ba zai iya zuwa sayen kifi ba saboda shi. Ta ce kullum ana gaya masa, kullum, kamar ana magana da bango. Daga ƙarshe ta ce, "Yaya Kihiyo ya yi gaskiya. Wurinka can ne."

Tsohon ya dubi butar, ya dubi tabarma. Ya mayar da murfin tankin ya ɗaure shi sosai, ya shiga ɗakinsa.

Mbwana ya iso a kan babur, ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe bai yi magana ba, abin da Mwantumu ba ta taɓa gani ba tun aurensu. Ya ciro katin hoto, ɓangaren da ke sarrafa bidiyo, ya shinshina, ya ajiye. Ya haska babban allon da komai ke zaune a kai, ya girgiza kai. Ma'ajiyar ayyuka ce kawai ya ɗaga ya ce wannan da ranta, bidiyon mutane bai tafi ba, za a ƙarasa shi a shago ko da a daddafe. Ya tambayi ina Baba, ta ce yana ɗaki, bari ya huce ita ma ta huce.

Sai da ta kai masa abincin rana ta ga ɗakin wayam. Babu hularsa, babu 'yar jakarsa ta fata. Ƙofar baya a buɗe.

Suka hau babur, ita a baya. Suka nufi babbar tasha can bayan gari, suka bi bas-bas ɗin Lushoto ɗaya bayan ɗaya, suka tambayi kwandastoci da masu sayar da lemo. Babu wanda ya ga tsoho mai jakar fata. Mwantumu ta fara kuka a fili, ba ta damu da masu kallo ba.

"Maman Shufa, tsaya," in ji Mbwana. Da sunan 'yarsu da ke makarantar kwana yake kiranta. "Yaushe aka dawo da tasha nan? Baba ya bar tuƙi kafin nan. A kansa tasha tana inda ya bar ta."

A tsohuwar tasha suka same shi, cikin gari, inda yanzu sai ƙananan motocin unguwanni. Yana zaune kan benci a gindin wata bishiya, jaka a kan gwiwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Mwantumu ta durƙusa gabansa ta kama hannunsa. Ya dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙuwa mai kirki.

"Baba, mu je gida."

"A'a, 'yar nan, an sallame ni," in ji shi. "Na yi wa masu gidan da nake aiki ɓarna. Ban san me na yi ba, amma babba ce, don uwargidan ta yi fushi ƙwarai. Mutanen kirki ne, ba laifinsu. Motar Lushoto nake jira."

Ya manta da buta, ya manta da kwamfuta, ya manta ita ce 'yarsa. Faɗan da ta yi masa ne kaɗai ya zauna.

Mbwana ya zauna a gefensa ya cire hular kwano. "Mzee, ai su suka aiko ni. Sun ce ka dawo, babu wanda ya sallame ka. Ka ga ma motar Lushoto ta yau ta wuce."

"Ta wuce? Yaran nan ba sa jira." Ya juya yana kallon wata ƙaramar bas da aka buɗe wa baki, direbanta na tsiyaya mata ruwa daga jarka. "Ka ga wahala. Duk motar da ke shan ruwa jaririya ce, ba ka da hutu. Motata ta farko a gonar katani, ta Jamus ce, ba ta san ruwa ba. Ko lagireto ba ta da shi. Haƙarƙari ne a jikin injin, jere, ga wata ƙatuwar fanka tana busa su. Ƙara kam, sai ka yi ihu yaron mota zai ji ka. Amma ka hau duwatsun Usambara da ita da rana tsaka ba za ta ce maka uffan ba. Abin da take so ɗaya ne, ka share mata haƙarƙarin nan da buroshi, kada ƙaiƙayin katani ya toshe su."

"Ba a zuba mata ko kaɗan?" Mbwana ya tambaya.

"Ka zuba a ina? Wanda ya zo wa motar nan da buta ai dariya za a yi masa."

Suka samo bajaji, keken haya mai ƙafa uku, suka sa tsohon a ciki tare da Mwantumu, Mbwana yana bin su a baya da babur. Kafin su kai Makorora tsohon ya yi barci a kafaɗarta. Da ya farka a ƙofar gida ya ce, "Uwata, ina muka je?" Ta ce yawo.

Da la'asar suna zaune a bayan gida, tana kankare kwakwar da ba ta da niyyar dafa komai da ita, ta ce wa mijinta za ta kira Kihiyo.

"Ba don kwamfutar ba, Baban Shufa. Ka gyara ta gobe, jibi ya sake ganin ruwa ya yi ƙasa. Falo ne, ba za mu sa masa kwaɗo ba. Ni kuma ba zan fasa zuwa kasuwa ba. Zai sake, ni kuma zan sake yi masa abin da na yi yau. Gara sakatar Yaya da bakina."

"Ki ba ni zuwa Asabar."

"Ka yi me?"

"In ya sake zuwa wa kwamfutar da buta ya zuba, ni da kaina zan raka shi Lushoto. Amma ki bari in gwada abu ɗaya." Ya shafa ƙeya, ya kau da kai. "Gobe ki raka ni wurin Mgaza. Ni kaɗai ba zan iya shiga shagon nan ba."

Mgaza shi ne babban 'yan iska, wato 'yan fanka, ko da yake Mbwana da gangan yake kiran su da sunan farko. Shagonsa yana kallon na Mbwana, kuma shekaru ke nan suna jifan juna da magana ta tsallaken titi. Da ya ga Mbwana ya tsallako da matarsa a baya, ya ajiye abin da ke hannunsa ya gyara zama.

"Maman Shufa, sannu da zuwa, ga kujera. Wannan bawan Allah da ke tare da ke fa, ɓatan hanya ya yi? Ko famfo ya ƙafe ne ya zo roƙon ruwa?"

"Dunƙulen sanyaya kwamfuta mai fanka nake so," in ji Mbwana, yana kallon silin. "Babban. Mai hasumiya biyu."

Mgaza ya sa hannu a bayan kunne. "Ka san mu 'yan fanka ƙara ta kashe mana kunne. Me ka ce?"

"Ka ji ni sarai, tsohon banza."

"Wa za a sa wa? Wani talaka ne ya zo maka da ba ya iya sayen kwalbar turaren nan taka?"

"A gidana za a sa."

Mgaza ya miƙe ya leƙa waje. "Jama'ar layi, ku matso ku shaida. Mai Ruwa ya tuba." Mai shagon kusa ya leƙo, wani ma ya leƙo, aka fara dariya. Wani ya ce a kawo buta a yi masa wankan shiga addini, wani ya ce a'a, ai ruwan ne ya gudo daga gare shi, a yi masa da fanka. Mbwana ya tsaya ƙiƙam yana sha, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Mwantumu ta ji tausayinsa har ta buɗe baki, ya girgiza mata kai.

"Ku gama," in ji shi. "Har gobe ruwa ya fi iska sanyaya kwamfuta, ko a gaban alƙali zan faɗa. Da rana tsaka wannan dunƙulen naka zai yi ta huci kamar tsohon jaki, aikin ma ya ɗan ja lokaci. Na sani. Ba don ya fi ba na zo."

"To don me?"

Mwantumu ce ta ba da labarin, a taƙaice, har da benci da motar Jamus. Dariyar ta mutu da kanta. Mgaza ya shiga ciki ya daɗe yana motsa kwalaye, ya fito da wani ƙato, ya hura ƙurar kansa. Ya ɗora wani babban allo da katin hoto na hannu a sama.

"Waɗannan aro ne, ka riƙe har naka su zo. Mahaifiyata kafin ta rasu kullum sai ta dafa wa babanmu abinci, shi kuwa ya daɗe a ƙasa. Mu muke cinyewa mu ce ya yaba." Ya tura kwalin. "Ka iya ɗaurawa ko in zo in koya maka?"

"Allah ya kiyaye."

"Ka cire ledar da ke ƙasansa kafin ka ɗora, Mai Ruwa. Ku ba ku saba da abu mai sauƙi ba."

Ranar Juma'a Mbwana ya haɗa ta a falo, lokacin da Baba ke barcin rana. Ya kwance tiyo da famfo da tankin da ya yi wata da watanni yana gogewa, ya naɗe su cikin tsohon zane ya kai ƙarƙashin gado. A wurinsu ya ɗaura dunƙulen Mgaza, ƙato, mummuna, ya cika rabin akwatin, haƙarƙarinsa jere kamar haƙoran mataji. Fitilun ma bai mayar ba. Da ya kunna, fankokin suka ɗauka da wani gurnani mai kauri wanda ake ji har kicin. Ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Daga nan ya ɗauko sabon buroshin fenti mai laushi ya ajiye a kan tebur, daidai inda hannu zai kai.

"A kashe za mu bar ta gobe," in ji Mwantumu. "Kayan aro ne."

"In a kashe take ba zai kula ta ba. Ki sa mata aiki mai nauyi, ki fita kamar ranar nan."

Asabar da safe ta ba mahaifinta shayi da mandazi. Jakarsa ta fata tana ɗakinta, ta shirya ta tun jiya ba tare da ta gaya wa kowa ba, har da rigar sanyi saboda duwatsu. Ta saki kwamfutar tana haɗa wani bidiyo, ta yafa gyale, ta ce, "Baba, na tafi sayen kifi." Ta fita ta ƙofar gaba ta zagayo ta baya, ta samu Mbwana a kicin ya laɓe jikin labule. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna leƙe, manya da su.

Tsohon ya daɗe a kujera, rediyo na magana shi kaɗai. Gurnanin fanka ya ƙaru, don aikin ya fara nauyi. Ya ɗaga kai. Ya saurara. Ya miƙe a hankali ya fita tsakar gida, suka ji ƙarar famfo, ya dawo da buta cike tana ɗiga.

Mwantumu ta yunƙura. Mbwana ya riƙe mata hannu.

Ya ajiye butar a kan tebur. Ya kwance notinan gilashin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a faranti, ya jingine gilashin da bango. Ya ɗauki butar ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya, yana neman murfi. Ya duba sama, ya duba gefe. Bakin butar yana lilo a kan allon Mgaza, hannun yana rawa, Mwantumu tana ganin ɗigon da ya taru a bakin yana shirin faɗowa. Sai ya kai ɗayan hannun kusa da haƙarƙarin, ya ji iska mai ɗumi tana fita tsakaninsu. Ya tsaya haka.

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa. Ya janye butar, ya sunkuya ya ajiye ta ƙasa, can nesa da tebur, ya ƙara tura ta da ƙafa. Ya goge hannu a riga. Idonsa ya faɗa kan buroshin.

Mwantumu ba ta san lokacin da ta fito daga bayan labule ba. Ya juyo ya gan ta, ba gyale a kai, ba kifi a hannu, fuska jiƙe.

"Uwata, zo ki kashe min injin nan," in ji shi. "Ba a share shi yana tafiya, fanka za ta cinye buroshin."

Ta tsayar da aikin, ta kashe. Fankokin suka yi juyi kaɗan suka tsaya. Ya ja kujera ya zauna, ya fara bin haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, duk da babu ko ƙwayar ƙura a jikinsu. Hannun da ke rawa da buta bai yi rawa da buroshi ba.

"Wannan ba ya shan ruwa," ya ce, bai ɗago ba. "Kada ki bar kowa ya zo masa da buta, kin ji ko? Akwai masu karambani."

"Na ji, Baba."

"Na wane ne?"

"Nawa ne."

"Kin iya zaɓe." Ya hura tsakanin haƙarƙari biyu, ya duba. "Amma kullum yake son shara, in ba haka ba ya toshe. Kina da mai yi miki?"

Ta dubi ƙofar kicin. Mbwana ya saki labulen, ta ji yana jan hanci yana motsa tukwane kamar mai neman wani abu. A ɗaki wayarta ta fara ƙara, ta san Kihiyo ne, don ta ce masa ya kira Asabar da safe.

"Ba ni da shi, Baba," in ji ta. "Sai in kai za ka zauna ka riƙe min."

Ya yi ɗan tunani, irin na mutumin da ake roƙo ya karɓi aiki alhali yana da wasu wuraren.

"To, zan duba miki shi," ya ce. "Ki je ki ɗauki wayarki, tana damun mutane."